Waiwaye Daga Kongo: Yadda Aka Reni Masu Riƙon Jami'a a Arewa

A ranar bikin yaye ɗalibai, idon jama'a yakan tsaya ne kan uban jami'a da alkyabbarsa, da shugaban jami'a da dogon jawabinsa, sai kuma attajiri ko basaraken da za a ba digirin girmamawa. Ba kasafai ake lura da mutumin da ke gefe riƙe da takarda ba, alhali shi ya tsara zaman tun daga jerin gwano har addu'ar tashi, kuma babu takardar shaidar da za ta fita ba tare da sa hannunsa ba. Shi ne magatakarda. A bayansa akwai ma'aikatan da ɗalibi bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, waɗanda suka buɗe masa fayil ranar da ya shigo, suka tsara jadawalin jarrabawarsa, suka kai sakamakonsa gaban majalisar malamai. Kowa ya san yadda ake zama farfesa. Amma a tambaye mu yadda ake zama magatakarda ko ma'ajin jami'a, ko inda shi kansa shugaban ya koyi riƙon dubban mutane da kasafin biliyoyin naira, sai mu fara inda-inda. A Arewa amsar wannan tambaya ta girmi jami'ar kanta, domin tushenta yana wata unguwa ta Zariya da ake kira Kongo.

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar nan ta san aikin alƙalami a fada. Gidan Waziri a Sakkwato, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, shi ke riƙe da wasiƙun da ke kai-komo tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan gabas, kuma yaro yakan koyi aikin ne a gindin babba, yana kwafar wasiƙa yana lura da yadda ake zaɓen kalma. Da aka kafa mulkin En'e, aka fara baitulmali a Katsina wajen 1910 aka yaɗa shi sauran masarautu, sai bukata ta sauya kama. Yanzu ana neman mai lissafin haraji da jangali da boko, mai yanka rasit, mai tsara kasafin shekara. Kwalejin Katsina ta 1921 don malaman makaranta aka gina ta, amma En'e ta riƙa janye ɗalibanta ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka ɗauke Ahmadu Bello daga aji a 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah. Ofisoshin gwamnati kuwa, daga Kaduna har hedikwatar larduna, akawunan Kudu ne suka fi yawa a cikinsu.

Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka farga cewa wannan giɓi ba zai cike kansa ba. A 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya, ana koyar da buga tafireta da ajiyar fayil da lissafin ofis. Abin da ya ɗaga darajarta shi ne jawabin Malam Abubakar Tafawa Balewa a majalisar Kaduna cikin Agustan 1950, inda ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi daga tushe. Maganar ta girgiza fadoji, amma ta ci, don ita ta haifar da binciken da ya kai ga dokar En'e ta 1954. A shekarar ce kuma makarantar akawuna ta rikiɗa ta zama Cibiyar Koyar da Sha'anin Mulki. Daga nan Kongo ta zama mahaɗar ma'aikatan Arewa: ma'aji daga Borno, magatakardan majalisa daga Ilori, hakimi daga Adamawa, duk a kan benci ɗaya. Da kundin Final Kod ya fara aiki a 1960, alƙalai da muhutai ma nan aka tara su aka karantar da su.

Kwas ɗin da ya fi cancanta mu daɗe a kansa shi ne wanda aka fara a 1957. Mulkin kan Jihar Arewa, wanda ya tabbata ranar 15 ga Maris 1959, yana ƙaratowa, ga shi kusan duk Razdan da Di'o da ke riƙe da larduna Turawa ne. Gwamnatin Sardauna ta riga ta kafa manufar fifita ɗan Arewa a aikin gwamnati: in akwai wanda ya cancanta shi za a ɗauka, in babu a ɗauki baƙo bisa kwantiragi. An sha sukar wannan manufa, kuma masu sukar suna da hujjarsu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne gwamnatin ba ta tsaya ga rabon kujeru ba, don ta san hawa kujera ba shi ne iya aiki ba. Sai aka riƙa tsamo samari, wasu daga aji suna koyarwa, wasu daga ofisoshin En'e, a tantance su a kai su Kongo su shafe watanni ana gasa su kan doka da lissafin baitulmali da rubuta rahoto. Cikin malaman da suka riƙe kwas ɗin akwai Anthony Kirk-Greene, tsohon Di'o a Adamawa wanda ya ji Hausa. Cikin waɗanda suka bi ta nan akwai Sunday Awoniyi daga Mopa, wanda daga baya ya zama babban sakatare a gwamnatin tarayya.

In saurayi ya gama, ba garinsu ake mayar da shi ba. Bakano sai ya tsinci kansa a ƙasar Tibi, ɗan Kabba a Bauci. A can zai fita rangadi, ya kwana a barikin ƙauye, da safe a baje masa littafin haraji ya bi shi suna-suna, ya ƙirga kuɗin da ke akwatin ma'aji ya gwada da abin da ke rubuce, ya shiga gidan yari ya tambayi kowane ɗaurarre kwana nawa aka yanke masa. Da dare ya zauna gaban fitilar ƙwai ya rubuta rahoton da Razdan zai dawo masa da shi da jar tawada a gefe. Bayan 'yan shekaru a ɗauko shi a kawo shi sakatariyar Kaduna ya koyi aikin ma'aikatu. Zaɓe na tsanaki, karatu a aji, juyawa daga wannan aiki zuwa wancan, da babba mai duba hannun yaro: abin da jami'o'in Turai ke kira sabon tsarin renon shugabanni ke nan a yau, mu kuwa mun yi shi tun ba a sauke tutar Ingila ba.

Ana cikin haka sai ga rahoton kwamitin Ashby a 1960, wanda ya ba da shawarar a kafa jami'a a Arewa. Ranar 4 ga Oktoba 1962 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe da ɗalibai 426 a tsangayoyi huɗu, ƙarƙashin Norman Alexander, ɗan ƙasar Niyuzilan da aka ɗauko daga Ibadan. Ba a fili fetal aka gina ta ba. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Samaru aka haɗa da cibiyar binciken noma, da kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, da ita Kongo ɗin, aka ɗinke su wuri guda. Ta haka makarantar da ke renon masu mulki ta zama 'yar cikin gida, Sam Richardson na shugabancinta, malamai daga Jami'ar Pittsburgh ta Amurka na taimaka mata wajen ɗaga kwasa-kwasanta zuwa matakin digiri.

Tsarin da jami'ar ta gada na Ingila ne, wanda aka fara dasawa a Ibadan a 1948: majalisar gudanarwa mai kula da kuɗi da dukiya da ɗaukar ma'aikata, majalisar malamai mai kula da karatu da jarrabawa, sannan magatakarda a tsakiya yana sakataren dukansu biyu. Shugaba yakan zo ya tafi, shugabannin tsangayoyi suna sauyawa, amma magatakarda yana nan, shi ya san abin da aka yanke shekara goma baya da dalilin yanke shi. Ba a raina kujerar ba a wancan zamani. A Ibadan masanin tarihi Saburi Biobaku ne ya hau ta a 1953, kafin ya zama shugaban Jami'ar Legas. A Samaru kuwa, da yawa daga cikin waɗanda suka fara zama a ofisoshi daga aikin gwamnatin Jiha suka fito, kuma da tarbiyyar Kaduna suka zo: ba a yanke magana da fatar baki, ba a motsa fayil sai an rubuta inda ya nufa, ba a barin wasiƙa ta tsufa a kan tebur.

Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya tafi da Sardauna, uban jami'ar na farko, rikicin da ya biyo baya kuma ya kwashe ma'aikata da ɗalibai 'yan Gabas. A wannan hali Dakta Ishaya Audu, likitan yara daga Anchau, ya karɓi jami'ar bai cika shekara 40 ba, ya riƙe ta har 1975. A zamaninsa ne tsani biyu suka fito fili, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne asalin abin da muke fama da shi. Na malamai tsararre ne: ɗalibin da ya yi fice sai sashe ya riƙe shi a matsayin mataimakin malami, a biya masa digiri na biyu, a tura shi Ingila ko Amurka ya yi na uku, ya dawo ya biya da aiki. Yawancin farfesoshin da muka taso muna jin sunayensu ta nan suka hau. Na ofis kuwa, mai digiri zai shiga a matsayin ƙaramin jami'in gudanarwa, ya bi matakan mataimakin magatakarda ɗaya bayan ɗaya. Babu manhaja, babu takardar shaida. Abin da ke akwai shi ne zama kusa da babba.

Mu ɗan leƙa ɗakin taron majalisar malamai na wancan lokaci. Farfesoshi sun jeru, shugaba na tsakiya, magatakarda na gefensa, can baya kuma ga wani saurayi da littafi a kan gwiwa, ba ya cewa uffan. Awa uku ana kai ruwa rana kan ko a ɗaga wa ɗalibin da ya faɗi darasi ɗaya ƙafa. Aikin saurayin shi ne ya mayar da wannan hayaniya 'yan layuka: abin da aka gabatar, abin da aka lura da shi, abin da aka yanke, ba tare da sunan wanda ya ɗaga murya ko wanda ya sha kaye ba. Washegari zai kai daftarin, a dawo masa da shi an soke rabi. Ya sake, a sake sokewa. Sai ya gyaru a ba mai tafireta ya buga a sitansil, a murza a injin Gestetner, a ɗaure a fayil da koriyar igiya. Wanda ya shekara yana wannan ya fi wanda ya haddace dokokin jami'a saninsu, ya kuma san halin kowane babba a ɗakin. Daga nan a mayar da shi ofishin ɗaukar ɗalibai, sai na jarrabawa, sai na ma'aikata, sai a tura shi wata tsangaya ya zama shi ne idon magatakarda a can. Mai rabo har a aika shi wata jami'a a Ingila ya yi 'yan watanni yana ganin yadda suke yi.

Horo ne mai kyau, duk wanda ya yi hulɗa da mutanen da ya fitar zai shaida. Rauninsa shi ne ba a rubuta shi ba. Ya dogara ne kan ƙarancin jama'a da daɗewar babba a kujera, kuma ba a jima ba duka biyun suka gushe.

Guguwar da kuɗin mai ta zo. A 1974 kwamitin Udoji ya jefa ma'aikatan jami'a cikin ma'aunin albashi ɗaya da sauran ma'aikatan gwamnati, aka kuma ba Hukumar Kula da Jami'o'i ƙarfin doka, Jibril Aminu ya zama sakatarenta a 1975. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta karɓe jami'o'in jihohi, ta kuma yanke shawarar buɗe sababbi bakwai a tashi ɗaya: Sakkwato, Maiduguri, Jos, Kalaba, Kano, Ilori da Fatakwal. Ina za a samo masu riƙe su? A Arewa dai gidan Zariya aka dosa. Dakta Mahmud Tukur, wanda ya yi shekaru yana shugabancin Kongo, shi aka ba Kano. Shehu Galadanci ya tashi daga kwalejin Abdullahi Bayero ya je ya kafa ta Sakkwato. Abin alfahari ne ƙwarai. Sai dai kowace sabuwar jami'a hannu take nema, saurayin da jiya yake baya da littafi a gwiwa yau shi ne babba a sabon ofis, ana jira ya koyar da abin da bai gama koya ba.

A shekarar dai gwamnatin Murtala ta yi wa ma'aikata kora ta ba sani ba sabo, mutum wajen 10,000, wasu a rediyo suka ji sunayensu, kuma jami'o'i ba su tsira ba. Talakawa sun yi murna, kuma gaskiya akwai baragurbin da suka cancanci tafiya. Amma darasin da ƙaramin ma'aikaci ya ɗauka daban ne: ashe shekara ashirin na aiki ba ta hana a sallame ka da sanarwa ɗaya. Shi kuwa aikin magatakarda ginshiƙinsa shi ne ya iya duban shugaba ya ce, ranka ya daɗe, doka ba ta yarda da wannan ba. Mai tsoron abincinsa da wuya ya faɗi haka.

Abin ya ci gaba da tsananta. A Afrilun 1978 ƙarin kobo 50 kan kuɗin abincin ɗalibai ya tayar da zanga-zangar neman a sauke kwamishinan ilimi Ahmadu Ali, aka zubar da jini a Samaru da Legas, shugabannin jami'o'in biyu, Iya Abubakar da Ade Ajayi, suka rasa kujerunsu. Gwamnatin soja ta shiga yi wa shugabannin jami'a canjin wurin aiki kamar yadda ake yi wa Di'o: Akinkugbe daga Ilori zuwa Zariya, Ezeilo daga Nsukka zuwa Kano. Mahmud Tukur da aka ce ya koma Legas ya gwammace ya ajiye aikin, kuma har yau ana tuna masa wannan. A Mayun 1986 aka sake harbe ɗalibai a Samaru, shugaban jami'ar Ango Abdullahi ya bar kujera, a shekarar kuma tsarin SAP ya karya naira. Tafiya waje koyon aiki ta yi wuya, haziƙan matasa suka nufi sababbin bankuna. A 1995 har ta kai an naɗa Manjo Janar Mamman Kontagora kantoman jami'ar Zariya, ya riƙe ta zuwa 1998. Ko me za a ce game da aikinsa, kuma akwai masu yaba masa, naɗin kansa abin baƙin ciki ne: jami'ar da ke da makarantar koyar da mulki a cikin gidanta an wayi gari ana ganin ba ta iya mulkin kanta.

Gyare-gyaren da suka zo daga baya ma ta gefen ofis suka ratsa. Gwagwarmayar ASUU ta 1992, lokacin Attahiru Jega na shugabanta, ita ta haifar da asusun harajin ilimi na 1993 wanda ya zama TETFund a 2011. Babu mai musun alherin wannan asusu, dubban malamai sun yi digiri na biyu da na uku da kuɗinsa, amma tallafin karatun na masu koyarwa ne. Dokar jami'o'i ta 1993 kuma ta yanka wa magatakarda da ma'aji wa'adin shekara biyar da za a iya sabuntawa sau ɗaya, gyaran 2012 ya mayar da shi zango ɗaya da yiwuwar ƙarin shekara guda. Niyyar mai kyau ce, a hana mutum mayar da ofis gadon gidansu, amma ta taɓa ainihin amfanin kujerar. Yanzu shugaba na shekara biyar ne, magatakarda haka, ma'aji haka, majalisar gudanarwa ta shekara huɗu in ma gwamnati ba ta rushe ta kafin nan ba, kamar yadda aka yi a 2023. Wa ya rage da zai tuna? Mataimakan magatakarda kuwa, maimakon renon na baya, hankalin da yawansu ya koma kan takarar da ke tafe.

Shi ma shugaban jami'a ana zaɓensa ne daga farfesoshi, a ƙirga rubuce-rubucensa da shekarunsa a kan muƙami, alhali aikin da ke jiransa na kasafi ne da kwangila da shari'ar filaye da lallashin ƙungiyoyin ma'aikata da tsaron 'ya'yan mutane. Wanda Allah ya yi wa gyaɗar dogo ya riga ya taɓa mataimakin shugaba, kamar yadda Jega da Abubakar Rasheed suka yi a Bayero kafin su hau. Wanda bai samu haka ba yakan cinye shekara biyu yana gane ƙofofi, ta ƙarshe kuma ta tafi a rigimar magaji.

Daga 1999 aka buɗe ƙofar jami'o'i masu zaman kansu, jihohi suka shiga gasar kafa nasu: Wudil a 2001, Kaduna a 2004, Katsina a 2006. A 2011 tarayya ta ƙara tara, ciki har da Dutse da Dutsin-Ma da Kashere, a 2013 ta ƙara Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa. Ƙasar da ke da jami'o'i biyar a 1962 yau tana da fiye da 250, kowace da ofisoshin da sai an cika. Duk mun san yadda ake cike da yawa daga cikin guraben. Ba a cika ɗaukar malamin lissafi ba tare da an duba ko ya iya lissafi ba, amma ofis an mayar da shi masaukin wanda ya zo da 'yar takarda daga sama. Cikinsu akwai haziƙai, kuma su ne abin tausayi, don za a nuna wa yaro tebur ranar Litinin babu wanda zai zauna da shi. Sakamakon a kan tsohon ɗalibi yake sauka, wanda ya samu gurbin karatu a waje ya zo neman takardar sakamakonsa: a ce ya je tsangaya, tsangaya ta ce sashe, sashe ya ce mai riƙe da makullin ɗakin fayil ya yi ritaya, a ƙarshe a tono fayil ɗin cikin ƙura bayan can sun rufe karɓar takardu. Kwamfuta ta rage wani abu, amma ba ta san abin da ba a shigar mata ba.

Ba wai an naɗe hannu ba ne. Akwai kwalejin ASCON a Badagry tun 1973, da cibiyar Kuru tun 1979, da ta tsara ilimi a Ondo tun 1992, ƙungiyar ANUPA ta jami'an gudanarwar jami'o'i kuma tana shirya bita. Sai dai yawancinsu suna samun mutum ne bayan ya girma a kujera ya ƙame kan halinsa. Kongo kanta tana nan tana yaye masu digirin mulki da shari'a kowace shekara, amma zaren da ya haɗa aji da kujerar aiki a 1957, wato a zaɓe ka don wani aiki takamaimai a horar da kai a kai ka, ya daɗe da tsinkewa.

'Yan'uwanmu na Maradi da Damagaram wata hanya suka gada. Faransa jarrabawar gasa ta sani. Tun 1945 ta kafa makarantar ENA don manyan ma'aikata, wadda Nijar ta yi irinta a Yamai a 1963, a farkon shekarun 1970 kuma ta buɗe cibiyoyin horar da matsakaitan jami'ai, na farko a Lil da Liyon. Mai digiri in ya ci jarrabawa sai a ɗauke shi da albashi tun yana aji, a haɗa masa karatu da zaman koyon aiki, kuma kaso mai tsoka na waɗanda suka fito makarantu da jami'o'i ake tura su. Da dokar 2007 ta miƙa wa jami'o'in Faransa ikon riƙe kasafinsu da albashin ma'aikatansu, an sami waɗanda za a damƙa wa. Harabar Condorcet ta arewacin Paris, wadda ta fara aiki a Aubervilliers a 2019 ta kuma miƙa reshe zuwa Porte de la Chapelle, cibiyoyin ilimi 11 ne suka haɗu a cikinta da babban ɗakin karatu guda, kuma irin wannan ƙulli ba farfesoshi kaɗai ke ɗaure shi ba. Tsarin yana da nasa ciwon, har aka rushe ENA a ƙarshen 2021 bisa zargin ta zama gidan 'ya'yan gata. Ita ma Ingila da muka gaji zama a gindin babba daga gare ta ta gano bai isa ba. A shekarun 2010 manyan jami'an gudanarwar jami'o'inta suka fito da shirin Ambitious Futures, inda aka riƙa ɗaukar sababbin masu digiri a juya su ofis-ofis, har a tura su wata jami'ar ta daban.

Abin da muke bukata bai kai nasu tsada ba. Jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina da Dutse za su iya haɗa kai su ɗauki matasa ƙalilan kowace shekara ta jarrabawa a fili, su yi 'yan watanni a aji, sannan a juya su tsakanin ofisoshin jarrabawa da ma'aikata da ma'aji, na Kano ya je Sakkwato ya ga yadda suke yi, na Katsina ya zo Samaru. Asusun da ya biya digirin malamai a Malesiya ba zai gaza ɗaukar wannan ba. Masu koyarwar ne ke ƙarewa. Dokar 2012 ta tsayar da ritayar ma'aikacin ofis a shekara 65. Wanda ya shiga ofishin magatakarda a 1985 yana ɗan shekara 25, wato sahun ƙarshe da suka zauna a bayan dattawan da Kaduna da Kongo suka rena, ya cika 65 a 2025. Wasunsu sun koma gona, wasu jami'o'i masu zaman kansu sun ɗauke su kwantiragi, kuma da yawansu har yanzu da ƙarfinsu. In za a kira su aji su koyar da abin da suka sani, cikin 'yan shekarun nan ne za a same su.